Ba gem ɗin ne ya yi masa magana ba, mutum ne

Tun jiya nake bin sharhin da ake yi a ƙarƙashin hotunan hirar da wata baiwar Allah ta saka a intanet, hirar wani baƙo da ɗanta, kuma wallahi raina ya ɓaci. Uwa ta kama wani ƙato yana lallaɓa ɗanta ɗan shekara 11 a cikin gem (wasan bidiyo na waya ko kwamfuta), ta fito ta faɗa don sauran iyaye su ankara, amma abin da yawancinku kuka iya cewa shi ne a zane yaron, a ƙwace wayar, a hana gem kwata-kwata. Har da mai cewa ai laifin uwar ne da ta bar yaro yana wasan banza. Haba jama'a! Kun karanta hirar kuwa? Ko dai kanun kawai kuka gani kuka hau rubutu?

Gem bai tambayi yaron nan shekarunsa ba. Gem bai ce masa "kada ka gaya wa mamanka" ba. Mutum ne ya rubuta wannan, baligi mai hankalinsa, wanda ya san abin da yake nema, kuma ta akwatin hira ya shigo. Matsalar tana wurin hirar, ita ce ƙofar, kuma ita ce mafi yawan iyaye ba su ma san da ita ba.

Ku tambayi kanku tsakani da Allah. Da za ka dawo ka tarar da baƙon da ba ka taɓa gani ba zaune a ɗakin ɗanka suna ta raɗa, ai ba tsayawa za ka yi ba. To yaron da ke kwance da abin sauraro a kunne yana buga Roblox ko Free Fire ko PUBG ko Fortnite, halin da yake ciki ke nan. Kai kana hango zane-zane suna tsalle a allo ka ce wasa yake, shi kuwa murya ce a kunnensa, ta wani da ba ka san sunansa ba, ba ka san shekarunsa ba, ba ka san ƙasar da yake ba.

Kuma hanyar tasu kusan iri ɗaya ce kullum. Zai fara da taya yaro wasa, ya yabe shi, ya ce bai taɓa ganin gwani kamarsa ba. Sai kyauta ta biyo baya, Robux (kuɗin cikin Roblox) ko lu'ulu'un Free Fire ko wata riga ta cikin gem da yaron ya daɗe yana roƙon iyayensa. Sai tambayoyi ƙanana: ajinka nawa, kai kaɗai kake kwana, ana duba maka waya? Daga nan sai ya ce hirar gem ɗin tana da takura, su koma Discord ko Snapchat ko WhatsApp. Ya san me ya sa. A cikin gem akwai matatar da ke goge wasu kalmomi da lambobin waya, a can kuwa babu mai ganinsu. Idan aka koma can sai maganar hoto ta taso, kuma da zarar hoto ɗaya ya fita, murya ta canza. Wanda jiya yake kiransa ƙanina yau shi ne ke cewa ko ka ƙaro wani, ko ka turo kuɗi, ko in tura wa duk abokanka da iyayenka. Kura ce da fatar akuya tun ranar farko.

Masu cewa a ƙwace waya a huta, ku saurara. A Ingila akwai wani yaro Breck Bednar, ɗan shekara 14. A cikin rukunin masu buga gem ya haɗu da wani ɗan shekara 18 da ya yi ta yi masa ƙaryar cewa shi babban injiniyan kwamfuta ne mai kuɗi. Mahaifiyarsa ta lura, ta hana su hulɗa, har 'yan sanda ta kira a watan Disamba na 2013, ba a ɗauki matakin da ya kamata ba. Mutumin ya aika wa yaron wata waya a ɓoye suka ci gaba da magana. A watan Fabrairu na 2014 ya yaudare shi zuwa gidansa ya kashe shi. Wannan uwa ta yi iya ƙoƙarinta, Allah ya sani. Abin da nake so ku gani shi ne kafin a kai ga ƙwace na'ura, mugun ya riga ya shiga tsakanin ɗa da uwarsa, ya sa yaron ya fi yarda da shi. Ƙwace waya bayan an kai nan ba ya cire shi daga zuciyar yaro.

Wani kuma ya rubuta cewa kamfanonin ai sun san aikinsu, akwai tsaro. Wane tsaro? A watan Disamba na 2022 kamfanin Epic Games, masu Fortnite, sun amince su biya dala miliyan 520 bayan hukumar kasuwanci ta Amurka ta tuhume su, kuma cikin laifukan har da barin hirar murya da ta rubutu a buɗe ga yara tun daga farko, ba tare da an tambayi iyaye ba. Turkiyya ta rufe Roblox ɗungurungum a watan Agusta na 2024 saboda batun kare yara. Sai a watan Nuwamba na 2024 Roblox suka hana 'yan ƙasa da shekara 13 tura saƙon kai tsaye a wajen wasanni, suka kuma ba iyaye damar haɗa asusunsu da na yaro su riƙa lura daga tasu wayar. Gem ɗin da ya fito tun 2006! Sai da aka matsa musu suka motsa.

Kuma ko wannan ɗan tsaron, da hannunmu muke rushe shi. Yaro ya zo buɗe asusu, an tambayi ranar haihuwa, sai yayansa ko babansa ya zuba masa shekara 25 don kada gem ɗin ya dame su da tambayoyi. Shi ke nan, duk wani shinge da aka yi wa yara ya faɗi, manhaja ta ɗauke shi baligi, kowa na iya yi masa magana.

Kada wanda ya ce mini bai iya waya ba. Ka iya tura kuɗi, ka iya saka hoto, ka iya shiga rukuni goma kana muhawara har tsakar dare, amma shiga saitin gem ka mayar da hira ta zama ta abokai kaɗai ko ka kashe ta, shi ne ya gagare ka? Family Link na Google, manhajar da iyaye ke lura da wayar yaro da ita, kyauta ne, Screen Time mai irin wannan aikin yana cikin kowace iPhone. Idan da gaske ba ka iya ba, zaunar da yaron ya nuna maka, sannan kai ka saka lambar sirrin da bai sani ba. Ku buɗe jerin abokansa tare, ɗaya bayan ɗaya. Wannan waye? Ka taɓa ganinsa da idonka? Wanda bai taɓa gani ba a cire shi. Gem a yi shi a falo, murya a fili, ba a ƙarƙashin bargo ba.

Amma abin da ya fi duk wannan, kuma shi ya sa maganar duka ta fi ƙona mini rai: makamin mutumin nan guda ɗaya ne, tsoron da yaro ke yi wa iyayensa. "Zan gaya wa babanka" ita ce igiyar da yake riƙe shi da ita. Duk uban da ɗansa ya tabbata zai sha bulala idan ya yi magana, ya taya mugu aiki bai sani ba. Ku gaya wa 'ya'yanku tun yau, tun kafin komai ya faru: duk wanda ya ce ku koma wata manhaja, ko ya ce ku ɓoye sirri, ko ya nemi hoto, ku zo ku faɗa mini, ba zan dake ku ba, ba zan ƙwace wayar ba. Kuma ku cika alkawarin. Mata da maza duka, don masu neman kuɗi da barazanar hoto sun fi farautar yara maza.

Idan kuma abin ya riga ya faru, kada a goge hirar, a ɗauki hotonta tukuna. Kada a biya ko sisi, wanda aka biya sau ɗaya zai dawo. A toshe shi, a kai ƙorafi a cikin gem ɗin, a sanar da hukuma. Akwai ma shafin Take It Down da ke taimakawa a cire hotunan yara daga manyan dandali ba tare da hoton ya bar wayar ba.

Af, tunda ana maganar saiti, ku cire katin bankinku daga wayar da yaro ke riƙewa. Akwatunan sa'ar nan da ake saya a gem, ka biya ba ka san abin da zai fito ba, hukumar ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce caca ce ta hana. Mu kuma muna nan yaro ɗan shekara tara yana juya su da kuɗin babansa, uban yana ganin saƙon cirar kuɗi yana zagin banki.