Insulin ɗin Inna a gindin randa

Ni da mahaifiyata ciwo ɗaya ke damunmu, ciwon suga. Ina Ingila, tana Kano. Insulin ɗina yana cikin firij, ba a ɗauke wuta, kuma ko sisi ba na biya. Nata kuwa, da na je gida a watan Afrilu, a ƙulle cikin leda na tarar da shi, an tusa a jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Ta ce, "To ya zan yi, ɗan nan? Yau kwana uku ba wuta."

Insulin furotin ne mai naɗi na musamman. Zafi ya yi yawa, naɗin ya warware, ƙarfinsa ya ragu. In an haɗiye shi, ciki zai narkar da shi kamar tsokar nama. Shi ya sa tun 1922 galibi sai dai allura.

Ba na raina ƙoƙarin masana. Akwai sinadarin GLP-1 da hanji ke fitarwa, mai taimakawa wajen rage sugan jini, wanda bai wuce minti biyu a jini. Kamfanin Novo Nordisk ya gyara shi, ya liƙa masa jelar kitse da ke maƙalewa a furotin ɗin jini, sai ga allura ɗaya tana kai mako guda. Ita ce Ozempic. A 2019 Amurka ta amince da ƙwayarsa ta sha, Rybelsus, duk da kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai ke isa jini.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk wannan basira mai firij da kuɗi take wa hidima. Takardar insulin ta ce a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in an buɗe kada zafi ya haura 25 ko 30. Kano da bazara tana wuce 40.

A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva sun wallafa gwajin da suka yi wa insulin da irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, mai hawa da sauka tsakanin 25 da 37, kuma mako huɗu bai rage ƙarfi ba. Me ya hana kamfanoni su yi wannan gwaji da zafin Sahel, su rubuta sakamakon a jikin kwali?

Kullum da asuba Inna na yayyafa wa yashin nan ruwa. Duk ranar da suganta ya hau, ba ta sanin ko tuwon jiya ne, ko maganin ne ya mutu.