Iya ƙirga daban, sanin gurbin lamba daban

Iyaye da yawa suna ɗauka cewa yaron da ya iya ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari ya gane lambobi. Sau da yawa hadda ce kawai. Ka rubuta masa 34, ka nuna 3, ka ce ya kawo tsakuwa daidai da ita. Uku zai kawo maka, ba talatin ba. Irinsa ne idan an ce ya rubuta ɗari da biyar sai ya rubuta 1005.

Ƙara rera lambobi ba zai gyara wannan ba. A samo tsinken tsintsiya da zare. Yaro ya ƙirga goma da hannunsa, ya ɗaure su da kansa, kada malami ya ɗaure masa. Dami uku a hagu, tsinke huɗu a dama: ga 34. Dami goma a haɗa su babban dami, ɗari ke nan. A ajiye babban dami ɗaya da tsinke biyar, zai ga gurbin gomomi wayam, kuma aikin sifili a 105 ke nan.

Wajen ɗebewa ma haka. A ce ya cire 7 daga 32: tsinke biyu ba za su isa ba, dole ya kwance dami guda. Wannan kwancewar ita ce "aron" da ake sa yara su haddace.

Kuɗi kuwa a jinkirta su tukuna, domin takardar naira goma takarda ɗaya ce a idon yaro, ba ya ganin goman da ke cikinta.