Tef ɗin awo ba ya gane mugun kare

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2024 ya zama laifi a Ingila da Wales mutum ya ajiye karen da ake kira XL Bully ba tare da takardar izini ba. Wanda ya samu takardar sai ya sa an yi wa karen dandaƙa, kuma ba zai fita da shi ba sai da igiya a wuya da takunkumi a baki. Wanda ya ga ba zai iya ba, gwamnati ta yi masa tayin fam 200 ya kai dabbar wurin likita a yi mata allurar mutuwa. Har yanzu akwai masu tafa wa wannan mataki kamar an gano maganin cizon kare. Ni dai haushi yake ba ni.

Ku dubi yadda ake tantance mai laifin. Jami'i ne zai zo da tef irin na tela, ya auna kare daga ƙasa zuwa kafaɗa. Idan namiji ya kai inci 20, mace ta kai inci 19, sai a koma kan faɗin kai da kaurin wuya da buɗewar ƙirji. Ba a gwajin jini, ba a kuma tambayar ko ya taɓa cizon wani. Karen da ya shekara bakwai yana kwana a gindin gadon yara zai iya faɗawa tarkon saboda ƙirarsa, maƙwabcinsa kuwa da ya yaga wandon mutum uku a unguwa ya tsira saboda ya gaza da inci ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Abin takaicin, Birtaniya ta taɓa bin wannan hanya. A 1991 ta yi dokar karnuka masu haɗari, ta haramta jinsi huɗu, ciki har da Pit Bull da Tosa na Japan. Me ya biyo baya? Mutumin da ke neman kare don ya tsorata jama'a bai tuba ba, kare ya canza. XL Bully ɗin da Firaministan Birtaniya na lokacin, Rishi Sunak, ya tashi haramtawa a Satumban 2023, bayan bidiyon harin da aka kai wa wata yarinya mai shekara 11 a Birmingham, daga tsatson Pit Bull ɗin aka samo shi a Amurka. Wato dokar farko ta rufe ƙofa, masu kiwo don kuɗi suka shigo ta taga.

Wasu ƙasashen sun gwada sun dawo daga rakiyar. Holan ta haramta Pit Bull a 1993, ta soke dokar a 2008 da ta ga cizon bai ragu ba. Italiya ta yi watsi da jerin sunayen karnukan da ta ayyana masu haɗari a 2009. A birnin Denver na Amurka, masu zaɓe da kansu suka ɗage haramcin a 2020 bayan fiye da shekara 30. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2022, wanda ya duba karnuka sama da 18,000, ya nuna cewa jinsi bai wuce kashi 9 cikin 100 ba na abin da ke bambanta halin wani kare da wani.

Za a ce ai cizon ƙaton kare ba ɗaya yake da na ƙarami ba. Gaskiya ne, kuma hujja ce ta a matsa wa mai ƙaton kare, tunda kare bai san girmansa ba.

Kowa ya san irin gidan da mugun kare ke fitowa. An sayi kwikwiyo a intanet daga hannun wanda bai ko nuna uwar ba. An ɗaure shi da sarƙa a bayan gida, bai taɓa cuɗanya da baƙo ko yaro ba, motsa jiki babu, horonsa duka ne. In ya yi gurnani maigidan dariya yake, yana ɗaukar bidiyo. Ranar da sarƙar ta tsinke sai ka ji yana rantsuwa bai taɓa ganin karen ya yi haka ba. A 2007 an ƙwace karnuka kusan 50 daga gidan ɗan wasan Amurka Michael Vick, inda ake haɗa su faɗa. Vick ya tafi kurkuku, karnukan kuwa da suka samu hannu na gari, da yawansu sun ƙare rayuwarsu lafiya a gidajen mutane.

Kamata ya yi doka ta bi mutumin. Tun 2014 a Ingila mai karen da ya kashe mutum zai iya shan ɗaurin shekara 14, amma wannan hukunci sai bayan an yi jana'iza yake zuwa. A sa lasisi kafin mallakar babban kare, a hana wanda aka taɓa kamawa da sakaci sake ajiye kowace dabba, a bi sawun masu kiwo a ɗakunan baya. Wannan aiki ne mai cin kuɗi da ma'aikata, shi ya sa ɗan siyasa ya fi son sanar da haramci a gaban kyamara. Jaridun Birtaniya ma tuni suka fara ambaton wani ƙaton karen Italiya, Cane Corso, a matsayin wanda masu son burga suka koma wa.