Ɗauko Ni Ka Kai Gaba

A zuri'armu, duk wanda aka taɓa gani da kwamfuta a kan cinya to ya zama injiniya, ko da kuwa ƙwallo yake kallo. Da haka aka naɗa ni, ba tare da an ji ta bakina ba, mai haɗa littafin tarihin gida da za a raba a taron zumuncin da muke yi a Jekadafari bayan Babbar Sallah.

Kakanmu ya baro Nafada yana saurayi, ya biyo masarauta da aka dawo da ita nan Gombe a 1919. Ya yi fataucin auduga, ya ajiye mata huɗu, ya bar zuri'ar da shi kansa da zai dawo yau sai an yi masa gabatarwa. Kowane ɗaki ya rubuto nasa tarihin. Wasu suka turo ta WhatsApp, wasu a filashi, Goggo kuwa sautin murya ta aiko, rabinsa gaisuwa. Na yi ta kwasowa ina zubawa a Microsoft Word har aiki ya haura shafi 80. Na jera su yadda kowa ya sani: ɗakin uwargida, sai mai bi mata, har zuwa na amarya.

Bappa ne ya fara dubawa. Shi ne babba a cikin 'ya'yan Kaka da suka rage, amma ɗan ɗaki na uku ne. Ya sa tabarau, ina gungura masa allo yana gyaɗa kai, har gyaɗa kan ya tsaya.

"Ɗan nan, ni ne babba a gidan nan ko akwai wani?"

"Kai ne, Bappa."

"To me nake yi a shafi na 47? Ɗauko ni ka kai gaba."

Har da nuna mini da hannu yadda ake ɗaga takarda a ɗora ta a kan 'yar'uwarta. Na ce an gama. A ofis ina yin irin wannan a PowerPoint, ka kama hoton shafi ka ja shi sama, kafin shayinka ya huce ka kammala. Da na koma gida na danna kwantrol da F, taga ta buɗe a gefen hagu, ga kuwa shafukan nan ƙanana a jere gwanin sha'awa. Na kama na 47 na ja. Ko gezau. Na ƙara danna linzamin da ƙarfi, wai ko nauyin Bappa ne ya yi masa yawa. Shafin nan ya tsaya kallona.

Ashe a wurin Word babu wani abu mai zaman kansa da ake kira shafi. Rubutu ne guda ɗaya dogo, tun daga bisimilla har tammat, duk inda farar takardar A4 ta cika sai ya tsallaka ta gaba. Lambar da kake gani a ƙasa ba sunan kowa ba ce, ta wanda ya tsinci kansa a wurin ce. Kamar layin gidan mai ne: mota ɗaya ta fita, duk na bayanta su matso, wanda yake na goma ya zama na tara. Ƙananan shafukan da ke gefe kuwa na kallo ne kawai da tsallakawa, ba a yi su don a ja ba.

Sai na koma hanyar gargajiya, yanka da liƙawa. Na shafa baƙi a kan babin su Bappa kaf, na yanke, na kai bayan gabatarwa na liƙa. A nan ne asirin masu buga rubutun gidanmu ya tonu. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya san yadda ake buɗe sabon shafi. Duk wanda ya gama babi sai ya hau madannin Enta da duka har rubutu ya faɗa shafi na gaba. Muddin ba a taɓa komai ba, aikin yana da kyan gani. Ina taɓawa kuwa sai kan babin ɗaki na huɗu ya maƙale shi kaɗai a gindin shafi, wasu shafuka suka koma fari fat, jerin sunayen jikoki ya rabu da iyayensu. Jadawalin abubuwan da ke ciki, wanda na buga da hannuna ina jera ɗigo-ɗigo har yatsa ya yi tsami, ya koma takardar ƙarya daga sama har ƙasa. Ina goge Enta a nan, wani wurin yana ɓallewa a can. Ga zafin Gombe, ga wuta an ɗauke, ga batir yana ja mini kunne. Da dai na ga kamar komai ya zauna, na garzaya wani shagon buga takardu wajen Tashan Dukku aka fitar mini da kwafi ɗaya na gwaji. Mai shagon yana lissafin man janareta, ni ina lissafin lokaci, na duba shafukan farko na naɗe na hau acaɓa.

Na iske Bappa bayan La'asar a zaure tare da abokansa. Ya ga babinsa a shafi na 5, fuska ta washe, har ya ce Allah ya yi mini albarka. Da ya tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma dattijo ne mai bin diddigi, ya lashi yatsa ya ci gaba da buɗawa.

'Yan ɗaki na biyu sun rufe nasu babin da shafin mamatansu. Hoton Bappa kuwa, wanda ya sha babbar riga yana murmushi, ashe ba a cikin rubutunsa yake zaune ba. Irin hotunan nan ne masu shawagi, da Word ke ɗaure su a jikin wani sakin layi, nasa kuma a jikin wani Enta maras komai aka ɗaure shi. Rubutu ya yi gaba, hoto ya tsaya, layi ya matso, sai ga Bappa ya sauka daidai kan hoton wansa da ya rasu tun ina firamare. A ƙarƙashi an rubuta da manyan baƙaƙe: Marigayi, Allah ya kai haske kabarinsa.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Sannan ya miƙa wa na kusa da shi.

"Malam, karanta mini nan, ko idona ne."

Malam ya karanta a hankali, ya ɗago ya dube shi. "Inna lillahi. Alhaji, ashe abin da ya faru ke nan? Wallahi ba mu ji ba, da mun zo jana'iza."

Zaure ya kece. Wani har da tambayar ranar sadakar uku. Bappa bai yi dariya ba, ya dai juyo gare ni.

"Ɗan nan, na ce ka kai ni gaba, amma ba wannan gaban nake nufi ba."

'Yar Addata ce ta cece ni, wata yarinya da ke rubuta kundin kammala karatu, ta sha wuyar Word har ta ƙware. Ta danna kwantrol da shif da 8, sai ga wasu alamu masu kama da harafin P ya juya baya sun cika allo, kowanne shaidar Enta ɗaya.

"Kawu, wa ya yi wannan ta'asar?"

Na ce 'yan ɗaki na biyu ne. Ba su nan balle su musa.

Ta share su tas. Duk inda ake son sabon shafi ta danna kwantrol da Enta sau ɗaya tak. Kan kowane babi ta ba shi salon da ake kira Hedin 1, hotuna ta mayar da su cikin layi su zauna tare da rubutunsu, jadawalin ciki ta sa Word ya haɗa da kansa, in an yi canji a danna F9 ya gyara lambobi. Sai ta sake buɗe tagar nan ta hagu, wannan karon ɓangaren kawunan babi. Ta kama babin su Bappa da linzami ta ja sama. Ya tafi sumul, da rubutu da hotuna da jikoki. Ta ce tun Word na 2010 ake haka. Na ce ai na sani, gwada ta nake yi.

Abin da ya ɓata lissafi shi ne a gaban uwarta ta yi wannan jan. Kafin Isha'i labari ya zaga Pantami da Tudun Wada da Bolari cewa ashe ɗaga gida a littafin nan ba ya cin ko minti ɗaya. 'Yan ɗakin uwargida suka ce tun da aka halicci duniya ba a taɓa sa na uku gaban na ɗaya ba. 'Yan ɗakin amarya suka tuna mini su suka fi yawa, kuma su suka fi zuba kuɗin bugu. Hamma ya kira daga Abuja, bai ce komai a kan jeri ba, ya dai tambaya ko na ga saƙon da ya turo ta banki. Da safe in ja wannan sama, da yamma in mayar da shi.

Da na gaji sai na adana aikin a PDF, na shiga zauren WhatsApp na gida na sanar cewa littafi ya kulle, shi PDF dutse ne, ko wanda ya ƙera kwamfuta ba ya iya motsa shafinsa. Yarinyar ta fara rubuta amsa, na yi maza na tura mata kuɗin data, rubutun ya tsaya.

Jiya da daddare Goggo ta kira. Bayan doguwar gaisuwa ta ce jikanta na Kaduna ya gaya mata wai shi PDF ɗin ma ya fi sauƙi, shafi-shafi ake kamawa a ja, har a waya ana yi. Ta ce gobe yana hanya, in shirya masa filashin.