Kafin a ce kare ya haukace, a duba bakinsa

Shekaranjiya da la'asar kaɗan ya rage a kashe karen ƙanena a ƙofar gidanmu nan Tahoua, kuma har yanzu abin bai bar raina ba. Yara ne ke wasa da shi, suna jefa masa karan hatsi yana cafkewa. Can sai ya dawo yana girgiza kai, yana kai ƙafa baki, yawu da jini na zuba. Wani ya ce "mahaukacin kare!", nan take kowa ya duƙa neman dutse.

Wani dattijo makiyayi, maƙwabcinmu, shi ya tsaya a tsakani. Ya tambaye ni: "Ɗana, an yi masa allurar hauka?" Na ce an yi, Baba, katin yana ɗaki. "Yau da safe ya ci, ya sha ruwa?" Na ce ƙwarai. Ya ce to a riƙe shi. Da muka buɗe bakin, guntun kara ne ya gitta a ganɗarsa tsakanin haƙoran sama, ya yanki dasashi. Aka zare, aka danna tsumma mai tsabta da aka naɗe ƙanƙara a ciki, kafin magariba jini ya tsaya.

Bakin kare cike yake da jijiyoyin jini, musamman harshe. Ɗan yanka kaɗan in ya gauraya da yawu sai ka rantse an yanka akuya. Yawanci kuma yana warkewa da sauri. Kwikwiyo ma akwai nasa dalili: haƙoran nono 28 gare shi, daga wajen wata huɗu zuwa wata bakwai yake famfara, 42 na girma su fito. A lokacin nan ko tsumma ya ja sai ka ga ɗigon jini, wannan ba ciwo ba ne.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren, masu cewa "ai kare ne, zai lashe abinsa". Akwai jinin da ba a yi masa haka. In ka danna minti goma zuwa sha biyar bai tsaya ba, ko harshe ya tsage sosai, ko fiƙa ta karye har kana hango ɗigon ja a tsakiyarta, sai likitan dabbobi. Sannan ka ɗaga leɓensa ka kalli dasashi. In ya yi fari fat, ko jini na tsatsowa ba tare da ka ga rauni ba, to wasan bai jawo shi ba, tona shi kawai ya yi. Abu biyu nake tsoro a nan. Maganin ɓera da muke zubawa a rumbu da shago, wani irinsa hana jini daskarewa yake, kuma sai bayan kwana uku zuwa biyar alamarsa ke fita, lokacin kowa ya manta. Yana da makari, bitamin K1, in an kai shi da wuri. Na biyun cutar da kaska ke sa wa karnuka, wadda ke sa haɓo da jinin dasashi. Duk wanda ya taɓa ciro kaska daga kunnen karensa da damina ya san ba baƙuwa ba ce a nan.

Don Allah kar a ba kare farasitamol ko ibufurofen ko asfirin ɗin gida. Suna iya lalata masa hanta da ƙoda, asfirin kuma ƙara zubar jinin yake. Toka da baƙin mai ma a bar su. Abinci mai laushi na kwana biyu ko uku ya wadatar, kuma a daina jefa masa kara da dafaffen ƙashi, tsohuwar igiya mai kauri ta fi.

Ban raina tsoron mutanen unguwa ba. Haukan kare gaskiya ne, in alamarsa ta bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Kare mai wannan cuta ma yakan yi kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, shi ya sa Baba ya fara da tambayar allura kafin ya yarda a taɓa shi. Karen da ba ka sani ba, ko wanda halinsa ya sauya kwana biyu, kar ka sa hannu a bakinsa, ka kira ma'aikatan kiwo. In an ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a wuce asibiti ranar nan.

Wannan kare shekara uku yana kwana a bakin garken tumakinmu, bai taɓa neman komai ba sai tuwon da ya kwana. Ƙanena ya yi kuka ranar nan. Jiya na gan shi yana kitsa masa igiya da tsofaffin tsummoki, ya kuma hana yaran unguwa ɗaukar kara in za su yi wasa da shi.