Tambayar da Nana Hajara ta yi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya taɓa yin sa'ayi tsakanin Safa da Marwa ya san cewa a yau tafiya ce a kan marmara mai sanyi, ga inuwa, ga ruwan Zamzam a gefe, kuma wannan jin daɗin ya sa da yawanmu mun manta da halin da aka fara tafiyar a cikinsa.

Imam Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa Annabi Ibrahim, alaihis salam, ya kawo Nana Hajara da jaririnta Isma'il kwarin Makka a lokacin da babu kowa kuma babu ruwa, ya ajiye musu jakar dabino da salkar ruwa, sannan ya juya. Ta bi shi tana tambayar inda zai tafi ya bar su, ta maimaita, bai waiwayo ba. Sai ta ce, "Allah ne Ya umarce ka da wannan?" Ya ce, "E." Ta ce, "To, ba zai tozarta mu ba." Daga nan ta koma wurin ɗanta. Shi ma sai da ya kai inda ba su hango shi, sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'ar da ke aya ta 37 a Suratu Ibrahim.

Abin da ke tsaya mini a rai shi ne ba ta tambayi ranar da zai dawo ba, ba ta lissafa kwanakin da dabinon zai kai su ba. Mu kuwa, idan gaskiya ta bayyana cewa sana'armu kan kuɗin ruwa take tafiya, ko kujerar da muke kai ba ta zaunuwa sai da cin hanci, ko ribar shagonmu daga tauye mudu take fitowa, lissafin kuɗin haya da na makarantar yara muke fara yi, sai mu ce a bari tukuna a samu madafa. Shekara goma ta wuce ana jiran madafar, alhali a aya ta 2 da ta 3 ta Suratuɗ Ɗalaƙ tsoron Allah aka fara ambata, sannan mafita da arziki ta inda ba a zato.

Kada wani ya fake da wannan ƙissa ya watsar da iyalinsa ya ce tawakkali yake yi. Annabi Ibrahim da wahayi ya tafi, mu kuwa Alƙur'ani da Sunna ne za su amsa mana tambayar Hajara, ta bakin malamai masu amana.

Kuma ba zama ta yi ba. Da ruwan salkar ya ƙare, yaron yana murƙususu don ƙishirwa, ta hau Safa ta duba, ta sauko kwari, ta tattare gefen tufarta ta ruga zuwa Marwa, har sau 7 ba ta ga kowa ba. Ruwan Zamzam ma ba a kan duwatsun da ta hau ya ɓullo ba, a can kusa da yaron mala'ika ya tono shi, tana tare shi da hannuwanta tana ɗurawa a salka.

Daga baya ayarin ƙabilar Jurhum suka hangi tsuntsu yana shawagi a kwarin da suka san babu ruwa, suka zo suna neman izinin sauka a wurin matar da aka bari da jakar dabino ɗaya. Ta amince musu, da sharaɗin ba su da iko a kan ruwan, suka ce sun yarda.