Ranar da Surukina Ya Zauna a Kan Batir

Shekara uku na yi ina yi wa matata wa'azi a kan tsohuwar mota. Tawa Volkswagen Beetle ce ƙirar 1972, inji a baya, babu lagireto, iska ce ke sanyaya ta. Nakan ce mata: "Motar da aka ƙera sama da miliyan 21 kafin a daina a Meziko a 2003, ai ba banza ba. Sifana biyu da sukundireba sun ishe ni gyara ta. Taki kuwa, fitila ɗaya ta kama, sai an jona mata kwamfuta kafin ta faɗi abin da ke damunta." Ita dai murmushi take yi, ta danna maɓalli motarta ta tashi, ta bar ni tsugune ina lallashin kafireta don an tashi da sanyi.

Ran nan mahaifinta zai kama jirgi. Na kafe ni zan kai shi, don a san tsohuwar zuma ake magani da ita.

But ɗin motar a gaba yake, tankin mai da safaya sun cinye rabinsa, akwatin Baba ya ƙi shiga. Sai akwati ya samu kujerar gaba, Baba ya lallaɓa ya shige baya. Shi kuwa, tubarkalla, Allah ya ba shi jiki.

Abin da ban gaya wa kowa ba: batirin wannan mota a ƙarƙashin kujerar baya yake, kujerar kuma sifirin ƙarfe ne a cikinta. Masu ƙera ta sun san haka, shi ya sa suka yi masa murfi. Ni na cire murfin wata biyu da suka wuce, na mayar da shi mazubin notuna.

Muna tafiya ina ba shi tarihin motar, ashe ban ga rami ba. Muka faɗa, Baba ya yi sama ya dawo da dukkan nauyinsa. Ƙarfe ya taɓa kan batir.

"Yaro, ba ka jin ƙauri?"

"Haka tsofaffin motoci suke, Baba, ƙamshinsu ke nan."

"To ƙamshin nan a ƙarƙashina yake!"

Na waiga, hayaƙi na fitowa ta tsakanin ƙafafunsa. Motar ƙofa biyu gare ta, ɗaya akwati ya tare. Ban san dattijo mai shekara saba'in zai iya tsallake kujerar direba ba sai ranar. Da gwiwarsa ya bi ta kafaɗata, ya riga ni fita.

Na fizge kujerar, na kashe 'yar wutar da rigata, sannan na tsaya ina kallon waya. Sifana biyu da sukundireba suna nan, amma ba sa kai mutum filin jirgi.

Minti goma sha biyar sai ga matata a motarta, gilashi a rufe, iyasi na busawa. Ko uffan ba ta ce ba, har akwatin ta taya ni ɗauka, wanda ya fi zagi ciwo.

Yanzu Beetle sai Asabar, ita ma zagayen unguwa. Sauran ranaku matata ke sauke ni a wurin aiki. Baba kuwa duk sanda ya kira, bayan ya tambayi jikoki, sai ya ce: "Yaya murhun naka, yana ci?"